Dariyar Mma a Bakin Titi

Mma, mahaifiyata, tana cikin takaba aka kafa hotonta a tsakiyar Tamale. A gidanmu ni na fara ganinsa, kuma saura ƙiris in afka wa wata yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da babur ɗina saboda shi.

Wasu matasa ne masu ɗaukar hoto suka shirya abin. Sun bi gari suna ɗaukar mutanen da ke ciyar da Tamale da safe, mai shayi, mai shinkafa da wake, mai burodi, sai suka buga hotunan a kan tamfol, kowanne ya fi ƙofar shago girma, suka ɗaure a jikin katako, suka jera a gefen titi kusa da shataletalen da ake bi a shiga kasuwa. Na 'yan makonni ne, daga nan a kwashe. Tun ina goye Mma take sayar da koko da ƙosai a unguwar Nyohini, don haka da wuya a yi irin wannan a tsallake ta. An ɗauke ta da yardarta, lokacin Baba yana nan da lafiyarsa. Bayan ya rasu ba wanda ya sake tunawa da maganar.

Ga ta nan kuwa, ludayi a hannu, kai a baya, tana ƙyalƙyala dariya har idanunta sun rufe. Na faka babur na tsaya ina kallo. Matar da ke zaune a ɗaki ba kwalli ba turare, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ga ta a titi tana yi wa duk mai wucewa dariya.

Gwaggo na tuna nan take. Yayar Baba ce, tana zaune a Lamashegu, kuma ita ta riƙe takabar nan kamar ita aka ɗora wa. Da ta shigo za ta fara da shinshina ɗaki. Ta taɓa kwashe sabulun wanka daga banɗaki don wai ƙamshinsa ya yi yawa. Dangin Baba kaf ba mai tsallake maganarta. In ta ce matar ƙaninta ba ta riƙe masa takaba da mutunci ba, to maganar ta zauna ke nan, har jikoki sai sun ji ta. Mma kuwa duk zaman da ta yi a gidan nan ba ta tara komai ba sai sunanta mai kyau.

Abin haushi, ni ce direban Gwaggo. Duk Juma'a in ɗauko ta a babur in kawo ta wajen Mma, kuma sai ta biya kasuwa ta sayi goro, hanyar kuwa ta gaban hotunan take bi.

Washegari na je na sami masu abin. Na tafi da faɗa cike da bakina, na shirya kalmomi tun daga gida. Wata budurwa na tarar a ƙarƙashin laima, kyamara rataye a wuya, ita ce ma ta ɗauki hoton. Da na faɗa mata Baba ya rasu, Mma tana takaba, sai ta dafe ƙirji.

"Ayya, sista, ba mu ji ba koraa, ko kaɗan. Allah ya ji ƙan shi. In kuna so, yau-yau za mu sauke."

Faɗan ya rasa inda zai sauka. Na ɗaga kai na dubi hoton. Tun ranar da aka fita da Baba ban ga haƙoran Mma ba, ga su nan a gabana, ni kuma an ba ni wuƙa da nama in ce a naɗe hoton a kai sito. Tsoron hoton nake ji, kuma ina son sa, duka biyun a lokaci guda. Na ce mata bari in yi shawara, na hau babur na tafi, ban kuwa yi shawara da kowa ba.

Sai na koma kwana-kwana da Gwaggo. Juma'ar farko na ce ana gyaran titi. Ta biyu na ce 'yan sanda sun tare hanya. Na riƙa bi da ita ta lunguna, har ta Gumbihini muka taɓa zagayawa, inda ba abin da ya kai mu. Damina ce, ramuka cike da ruwa, tsohuwa tana bayana tana salati duk ramin da muka faɗa. Goro ma ni nake sayo mata tun Alhamis, wai don in hutar da ita. Ni da ban iya ƙarya ba, sai ga ni ina ƙera sabuwa duk mako. Ko abinci na zauna ci, da na tuna Juma'a sai ya fita raina.

Ranar da abin ya ƙare, mun taso daga Lamashegu na karya kwana zan shiga lungu, sai ta dunƙule hannu ta ƙwanƙwashe ni a kafaɗa.

"Ke, miƙe hanya. Bayana ya mutu. Kai ni wurin foto ɗin."

"Wane foto, Gwaggo?"

"Foto na uwarki. Kin ɗauka Lamashegu ba mu da ido? Tun sati na fari aka faɗa mani. Ina kallonki ne in ga inda wayonki zai kai mu."

Ban san yadda na kawo mu wurin ba. Ta sauka da ƙyar, ta gyara mayafi, ta taka har gaban hoton, ta goya hannu a baya. Ta daɗe a tsaye. Ni ina gefe riƙe da babur, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Fuskarta ba ta nuna komai ba, dama haka take.

Akwai masu yalo-yalo da ke jiran fasinja a wurin. Wani mai ƙaton tumbi a cikinsu, da alama ya san Mma, ya ce wa na kusa da shi da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ba wannan ba ne mijin shi ya mutu kwanan nan? Dubi yadda yake dariya. Mata ke nan."

Na saki babur zan yi kansa, Gwaggo ta riga ni. Ta juyo a hankali, ta dube shi daga hula har silifa.

"Kai, ɗan wa ne kai? Mijin da kake faɗa ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan dariya da kake gani, a gidan shi aka koye shi. Mace ba ya dariya haka sai an riƙe shi da kyau. Je ka duba matarka, in ya taɓa yin irin shi, ka zo ka faɗa mani."

'Yan'uwansa suka sa masa ihu, ya shige kekensa. Ni kuwa na zauna a bakin kwalbati ina dariya ina share hawaye.

"Tashi, sakarya," in ji Gwaggo. "Ɗauka mani shi a waya. Mai abu ba ya iya fitowa, sai mu kai mashi."

Muka tarar da Mma a kan tabarma da carbi. Gwaggo ta karɓi wayar ta miƙa mata da kanta. Mma ta kalla, ta kai hannu ta rufe baki, ta dubi Gwaggo a tsorace.

"Yaya, wallahi tun kafin..."

"Na sani. Ya yi kyau paa. Me aka faɗa maki kike wannan dariya?"

Mma ta shafa gilashin wayar da babban yatsa.

"Shi ne, marigayi," ta ce. "Ya zo karɓar kokonsa, ya tsaya bayan yarinyar mai ɗaukar hoton. Wai in rufe wushiryata kada ta fasa wa mutane kyamara."

Gwaggo ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ko ranar jana'iza ban ga kukanta ba. Mma ta matsa ta ba ta wuri a kan tabarmar, ni kuma na fita na ɗora musu ruwan shayi.