Layin da Aka Ja wa Rumbun Isufu

Isufu taubashina ne, ɗan kawuna, don haka tun muna yara ba na raga masa. Sarkin Sakace nake ce masa, saboda ko ruwan kunu ya sha da safe, sai ya fito ƙofar gida yana sakace da tsinke kamar wanda ya tashi daga kan cinyar rago. Shi kuwa sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Aminatu, ke dai tahi ki soya hwankenki." Ban taɓa ganin mutumin da ke tsoron a san cikin gidansa kamarsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. A ƙauyenmu, nan kusa da garin Sarkin Hausa, namiji ya gwammace a ga tsiraicinsa da a san yawan damin hatsin da ke rumbunsa. Ko matar gida ba ta tambaya. Abin da aka fiddo mata shi take sussukawa.

Ubansu ya bar gona mai faɗi, amma maza biyar ya bari a kanta. Da aka raba, ƙaninsa Shu'aibu ya samu kwarin da ruwa ke kwanciya, Isufu ya tashi da jigawar arewa, yashi zalla, wadda ƙuduji, hakin nan mai kashe hatsi, ya aure ta. Ba shi da shanun da za su kwana a kai su ba ta taki, ba shi da wata gonar balle ya bar wannan ta huta. Kowace shekara ƙasar tana rage masa hannu, shi kuwa yana ƙara wa rigarsa bula.

Ga dabarar da ya rayu a kanta. A wurinmu ba a tambayar mutum dami nawa ya samu, amma ana kallon zakkarsa, tunda cikin goma ake fid da ɗaya. Wanda ya fid da uku, an san talatin ya samu. To, Isufu kowace kaka dami shida yake fiddawa, da rana tsaka, ya ɗora a amalanken jaki ya bi ta gaban masallaci. Gari ya riƙe shi a mai dami sittin. Da wannan ake ba shi gefen tabarma a zauren mai gari, ake kiransa shaidar ɗaurin aure, ake aiko shi sulhu in makiyaya da manoma sun samu saɓani a kan burtali. Ba ya kiran gayya ranar kwasar hatsi, don kada a samu mai ƙirga masa. Babban ɗansa ya tafi Agadas neman aiki tun da daɗewa, saboda haka ɗiyarsa Zara'u ce ke miƙa masa dami yana cikin rumbu yana jerawa. Duk duniya su biyu kaɗai suka san gaskiyar abin.

Yarinyar nan yana ji da ita. Lokacin da aka buɗe kolej a garinmu, Isufu na cikin waɗanda suka fara kawo karan da aka kafa azuzuwa da shi, kuma da kansa ya kai Zara'u. Kanta na ja, musamman a lissafi. Ni ina da kaskon fanke a bakin makarantar, kuma na yi lakwal, wato firamare, har aji shida, don haka ta ramukan zana nakan saci karatu in ciniki ya lafa.

Shekarar da take aji uku na kolej aka kawo musu sabon malamin lissafi, Mushe Ilyasu (haka muke kiran malaman boko da Faransanci), ɗan cikin birnin Maraɗi, yaro mai ƙwazo wanda bai taɓa riƙe hauya ba. Ba mugu ba ne. Amma baƙo ko da idonsa makaho ne. Ya ga yara ba sa gane jerin lambobi da zanen layi in an yi musu misali da kuɗin taksi da mitar wuta, abin da ba su taɓa gani ba, sai ya ce kowa ya je gida ya rubuto damin hatsin da ubansa ya samu a kaka huɗu da suka wuce.

Yara suka je suka tambaya. Wasu aka kore su da takalmi. Wasu iyayen suka yi dariya suka ce a rubuta ɗari, ɗari, ɗari, ɗari. Zara'u ba ta tambayi kowa ba, tunda da hannunta ta miƙa su, kuma malam ne ya ce a rubuto. Ta rubuta hamsin da shida, arba'in da takwas, arba'in da ɗaya, talatin da biyu.

Ina nan a bakin kaskona ranar da suka kawo aikin, na ji muryar Mushe Ilyasu ta tashi da murna. Duk ajin nata ne kaɗai ke da tsari. Ya zana gida-gida a allo, shekara a sama, dami a ƙasa, ya goge arba'in da ɗaya ya mai da shi arba'in don abin ya zauna daidai. A can sama, don ya karrama ta, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan gonar baban Zara'u ce.

"Nawa ke raguwa kowace shekara?" ya tambaya.

Aji ya ce takwas.

Ya rubuta y = 56 − 8x. Ya ja layin tsaye da na kwance, ya ɗiga ɗigo huɗu, ya ɗora katako ya haɗa su, layi ya miƙe yana gangarowa. Bai tsaya a ɗigo na huɗu ba. Ya ci gaba da ja har allin ya taɓa layin ƙasa, sannan ya juyo yana murmushi ya ce wa zai gaya masa shekarar da igirek, harafin y ke nan, zai zama sifiri, wato ranar da gonar ba za ta ba da ko dami ɗaya ba. Zara'u ce ta fara ɗaga hannu, baiwar Allah. Ta ce saura kaka huɗu. Ya ba ta sha takwas bisa ashirin, ya sa aka tafa mata.

Ajin kara ba shi da ƙofa. Ranar Juma'a ce, ba wanda ya goge allon, ya kwana biyu a tsaye yana kallon hanyar rijiya. Kafin Litinin, tsofaffin da ba su san x da y ba sun gama nasu lissafin. Mai talatin da biyu yana fid da zakkar mai sittin! Liman bai kama suna ba, amma ya yi wa'azi a kan riya, kowa ya saci kallon inda Isufu ke zaune. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda suka shekara suna cin damin nan shida su suka fi kowa dariya. Wata tsohuwa da ya ciyar tun rasuwar mijinta ta zo sayen fanke tana ce mini, "Ashe matsiyaci ɗan'uwana ke ba ni sadaka." Na kwashe fankena daga hannunta na ce ta gusa.

Yara suka raɗa masa suna Saura Huɗu. In ya wuce a kan jaki sai su bi shi suna nuna yatsu huɗu. 'Yan kabu-kabu suka ɗauki sunan suka kai shi kasuwar Gidan Amumune. A zauren mai gari ba a kore shi ba, amma in ya shigo ba wanda ke gusawa, sai ya rakuɓe a bakin ƙofa wurin takalma. Mushe Ilyasu ya zo ba da haƙuri, hularsa a hannu. Isufu ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo masa fura, ya ce ba komai, ai yaro ba ya laifi. Magana zarar bunu ce, malamin ya tafi da haƙurinsa.

Bai doki Zara'u ba. Na so a ce dukan ya yi mata, da ya wuce. Bai kuma cire ta daga makaranta ba, don kada a ce abin ya yi masa ciwo. Sa ta ya yi ta yi alwala, ya ɗauko Alƙur'anin ubansa, ta dafa, a gaban uwarta Mariyama, ta rantse ba za ta sake faɗa wa wani mahaluki adadin komai na gidansa ba, ko kaji ne, muddin yana numfashi. Daga nan ya ɗauke mata magana. In yana son ruwa sai ya ce wa bango a kawo ruwa. Yarinyar da ke rigan kowa ɗaga hannu ta koma bencin baya, ta rame, ta daina tsayawa wurin kaskona. Na tare shi na ce, "Sarkin Sakace, wagga ɗiya gaskiya ta hwaɗi, ba sata ta yi ba." Ya dube ni ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar ce ta farko da bai mayar mini da wasa ba.

Damina ta zo, ya shiga gonar nan kamar mai ramuwar gayya. Ya kwashe jujin gari kaf da amalanke ya zuba mata. Ya roƙi wani makiyayi ya kwana da garkensa a kai a bakin kara da ruwan rijiya. Ya bi ƙuduji yana tuge shi da hannu har yatsunsa suka tsage. Ruwa kuma ya yi kyau a shekarar. Ya samu dami arba'in da bakwai, Zara'u ta miƙa masa su ɗaya bayan ɗaya, ba mai ce wa wani uffan. Amma gari ya riga ya san amsa tun bara. Allo ya ce ashirin da huɗu.

Rumbunanmu a bayan gari suke, a jere. Ran nan bayan azahar Isufu na can yana gyara jinkar rumbunsa, sai ga Shu'aibu da amalanken shanu, dami uku a kai, dattawa huɗu na biye da shi, yara kuma kamar an yi shela. Na bar kasko na bi su, don na san ƙanin nan nasa ba ya yin alheri a ɓoye.

"Yaya," in ji Shu'aibu da murya mai taushi, "zakkata ce. Malamai sun ce a hwara da na gida."

Isufu ya sauko daga tsani. Abin da bai taɓa yi ba tun da ya mallaki rumbu, ranar ya yi.

"Bana arba'in da bakwai na samu," ya ce. "Ban cancanci zakka ba. Ni mai ba da ita ne."

Dattawan suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "To, Allah shi ƙara, Isuhu. Amshi dai, ba a ƙin hannun ɗan'uwa."

Sai ya waiwaya ya hango Zara'u, ta kawo masa ruwa a buta. Ya kira sunanta, karo na farko tun ranar rantsuwar.

"Zara'u, ke kika miƙa mani su. Hwaɗa masu dami nawa ne."

Ta tsaya da butar a hannu.

"Na yahe maki rantsuwar. Hwaɗi!"

"Baba," ta ce, "ba da kai na rantse ba. Da Alƙur'ani na rantse."

Ban sani ba ko tsoro ne ko fushin shekara guda. Na dubi fuskarta ban karanta komai ba. Dattawa suka sunkuyar da kai irin na masu tausayi, wai yarinya ta ƙi yi wa ubanta shaidar zur.

Isufu ya hau tsanin nan, ya ture jinkar ta faɗi ƙasa, ya shige rumbu. Dami ya faɗo tim. "Ɗaya!" Wani ya biyo. "Biyu!" Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye hatsinsa ga matarsa, ga shi yana watso shi a gaban gari yana ƙirgawa da ƙarfi. Na yi ta kiransa, bai ji ni ba. Yana wajen sha tara aka kira la'asar. Dattawa suka ce sallah ba ta jira, suka juya. Shu'aibu ya sauke daminsa uku a gefen tulin ya kora shanunsa. Lokacin da Isufu ya wuce ashirin da huɗu, ya leƙo da kansa ta bakin rumbu don ya ga idon mutane, ba kowa sai ni da Zara'u da yara, waɗanda ke taya shi ƙirga da Faransanci suna tsalle. Duk da haka bai tsaya ba sai da ya kwashe rumbun tas. Ya fito jikinsa duk ƙaiƙayi, ya zauna a ƙasa. Ni da yarinyar muka kore awaki daga kan hatsin.

Yana nan da ransa, yana noma jigawarsa. Ya daina zuwa zauren mai gari, kuma na daina tsokanarsa, don ba ya ramawa. Washegarin ranar nan na kasa kunne a rijiya da bakin makaranta, ban ji wanda ya ambaci arba'in da bakwai ba. Abin da ake cewa shi ne talauci ya taɓa wa Isufu kai. Da kaka ta zagayo, mutum huɗu suka kai masa zakka.