Taken Maharba a Bakin 'Ya Mace

Wata Laraba bayan la'asar, a shekarar da na shiga aji huɗu, ina surfen gero a tsakar gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Baure, ina ɗan gunguni don rage gajiya, sai Kaka, mahaifin babana, ya ɗago kai daga tabarmarsa ya ce, "Ke amarya, sake wannan." Na sake. Ashe taken wani maharbi ne da ya rasu tun ba a haifi Baba ba. Ban san na haddace shi ba, ya dai shige ni tsakanin shara da ɗiban ruwa da kai wa awaki dusa.

Kaka makaɗin garayar maharba ne. Kowane maharbi da takensa, kuma a hankali Kaka yake taɓa tsarkiyar, ɗaya bayan ɗaya, har tsigar jikin mutum ta tashi. Kafin garayar ta iso hannun Baba an nome dajin, maharba sun watse, sai ya ƙara mata sauri, ya haɗa ta da kalangu yana bin bukukuwa. Kaka yakan yi tsaki ya ce, "Wannan kiɗa ne ko gudun ceton rai?" Yayana Sale kuwa ko kallonta ba ya yi, hankalinsa yana kan piyanon situdiyo a Daura.

Ni kaɗai ce taken ya zauna a kaina, ga shi mace ba ta taɓa garayar maharba, wai layun da ke jikin garayar sai su karye. Kaka ya yi ta zaunar da Sale ina yi masa gunguni ko zai ɗauka, shi kuma yana hamma. Ran nan tsohon ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Da ke namiji ce." Wallahi har yau maganar tana ci mini rai. Da ya rasu, Baba ma ya bi bayansa, aka rataye garayar a zaure, ɓera ya cinye fatarta.

Yanzu waƙoƙin Sale ne a wayoyin 'ya'yana, da daɗinsu, ban ƙi ba. Amma jiya ina wanki na kamo farkon wani take, ƙarshensa ya ƙi zuwa. Na tsaya da kumfa a hannu ina tunanin wa zan tambaya. Duk duniya babu kowa.