Akwatin da Kawu Ba Ya Kashewa

Kawuna mai hoto ne. Tun da matarsa ta rasu, shagonsa ya zama ɗakin zamansa: benci ɗaya, koɗaɗɗen labule mai zanen lambu, sai kyamarar da ba mai nemanta yanzu, tunda kowa da wayarsa.

Duk hotunan da ya ɗauka, har na matarsa, a shafin wani babban kamfani ya zuba su, bai bar kwafi ba. Wata safiya aka rufe shafin. Ba dalili, ba wanda zai kai wa kuka. Ya yi ta rubuta musu, na'ura na amsa masa da godiya.

"Gini na yi a filin aro," ya ce da ni.

'Yarsa da ke aure nesa ta aiko masa da wani ɗan baƙin akwati. Ta ce wannan tsarin ba shi da maigida: kowa yana riƙe wa wasu ajiyarsu a kulle, su ma su riƙe masa tasa. In akwatin wani ya mutu, saura na nan.

Ba shi da sauran hotonta da zai zuba. Amma kullum sai ya goge akwatin da gefen rigarsa. In aka ɗauke wuta, batir ya yi ƙasa, fanka yake kashewa, ya zauna cikin zufa.

Na ce, "Kawu, ko sanin mutanen nan ba ka yi ba."

Ya dubi 'yar fitilar da ke ƙiftawa. "Ƙila matar wani ce a ciki."