Rufa'i Bai Sayen Ashana

A shekarun farko na jihar Kebbi, duk Aliero an san Rufa'i mai albasa da abu biyu: shan taba da ƙin sayen ashana. Cewa yake yi ashana asara ce, tunda akwai wuta a murhun matarsa Kubura.

Idan ya dawo daga gona, sai ya miƙe a zaure, ya zaro kara ɗaya, ya ƙwala wa ɗansa kira: "Khalil! Tahi ka kunno min." Tsakanin murhu da zaure akwai ɗan nisa, taba kuwa in ba a ja ta ba mutuwa take yi. Saboda haka yaron kan taho yana zuƙa yana tari, uban yana yaba masa: "Wanga yaro akwai dabara!"

Da Khalil ya cika shekara goma sha uku, sai wani maƙwabci ya kama shi a bayan rumbun albasa yana busa hayaƙi ta hanci kamar tsohon direba. Rufa'i ya cire takalmi, ya cika unguwa da faɗa. Ya zagi 'yan tasha, ya zagi yaran Jega, ya rantse sai ya gano ɗan iskan da ya lalata masa ɗa.

Kubura ta bari sai da ya gaji, sannan ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, aje takalmin. Shekara shida kana aiken shi makaranta kullum, yau da ya haddace karatu kake neman malamin?"