Lilo a Masussukar Baba

Yayana mutum ne da idan abu ya shiga kansa, sai dai ka matsa ka ba shi hanya. Shi ne ɗan fari a gidanmu, kuma tun muna yara ni ce 'yar aike tsakaninsa da Baba. Baba ba ya kiran sunansa, ba ya zama su yi doguwar magana, saboda alkunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Idan yana da magana sai ya kira ni: "Uwata, gaya wa wancan ya duba mini tayar keke." Alhali wancan ɗin yana zaune a zaure, yana jin komai! Sunan mahaifiyar Baba na ci, shi ya sa nake uwarsa. Na yi aure na koma Funtuwa, na ce na huta, ashe aiken waya zai koma.

Garinmu yana kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi. A bayan gari Baba yana da wani fili shimfiɗaɗɗe mai tauri, wanda kakanmu ya daɓe. Masussuka ce. Da kaka ta yi, sanyi ya fara shigowa, nan kowa ke kawo dawarsa, mutanen unguwarmu da Maguzawan ƙauyen da ke tsallaken rafi. Maza su yi bugu, mata su yi shiƙa, ƙaiƙayi ya cika wa kowa wuya. Baba bai taɓa karɓar ko zangarniya a hannun kowa ba. Shi dai a ce "masussukar Malam," ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin ɗorawa yana amsa gaisuwa, ya ishe shi. Wanda bai da inda zai kai ne yake baza hatsinsa a bakin kwalta, motoci su taka masa. Idan Baba ya ji labarin irinsu, sai ya aika a ce su kwaso su kawo.

A wannan fili Yaya ya ga ya dace ya yi wurin wasan yara. Ta bakina ya roƙa, ta bakina aka amsa. Baba ya yarda da sharaɗi guda: a jera ƙarafan wasan a gefe, a bar tsakiya, kuma daga kaka har sanyi ya wuce a rufe wasa, fili na dawa ne. Yaya ya kawo mai walda daga Malumfashi, aka yi lilo, aka yi wasu dawakan ƙarfe masu zagayawa, da wani tudu da yara ke hawa su zame. Gaskiya da Sallah wurin yana cika, har daga ƙauyuka ake ɗauko yara a babur. Ni ma nawa sun hau, ba zan ɓoye ba. Shekarun farko kowa ya samu nasa, babu wanda ya ji kan Baba da Yaya.

Sai wayar nan ta zamani ta shiga tsakani. Wata rana na je gida, ko mayafi ban cire ba Yaya ya tare ni yana tura mini waya a fuska.

"Malama, dubi nan. Ƙasar Turawa ce. Kin ga ƙanƙara? Har gwiwa! Amma dubi wurin wasansu a buɗe, fitilu ko'ina, yara cike. Mu ɗan sanyin nan namu ne za mu rufe?"

Na ce, "Yaya, su Turawan a nan suke bugun dawarsu?"

"Ke matsalarki ke nan, baki. Ki yi tunani mana. Yara suna hutun makaranta, manoma sun sayar da masara da auduga, ga Kirsimeti, ga sabuwar shekara. Lokacin da mutane ke da walwala, lokacin muke rufewa. Wannan hankali ne?"

Abin haushin, maganarsa ba duka ce shirme ba, kuma hakan ya fi ƙona mini rai. Na ce masa alkawari aka yi. Ya ce ba karya alkawari zai yi ba, izini zai nema, in je in faɗa wa Baba. Na ce ga Baban can a ƙofar gida, ƙafarka ba ta karye ba. Ya kalle ni kamar na ce ya je ya mare shi.

Na je. Baba yana gyaran igiyar ɗaurin dami. Na faɗa masa yadda aka aiko ni. Ya ci gaba da gyaran igiyarsa, ya ce, "Uwata, ai fili yana hannunsa. Ya yi abin da ya ga ya dace."

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san ma'anar wannan. Baba ba zai tsaya yana jayayya da ɗan farinsa a kan fili ba, ko da kuwa ransa zai fita. Jira yake wancan ya ji kunya da kansa. Na koma na faɗa wa Yaya kalma da kalma, na ƙara da cewa wallahi wannan ba izini ba ne.

"Ya ce a'a?"

"Bai ce ba, amma..."

"To shi ke nan. Ke ce mai ƙara gishiri."

Kai, ranar na ji kamar in ƙwala masa taɓarya. Mutum ya yi gemu, ya tara iyali, amma bai san shirun ubansa ba!

Ya kewaye fili da waya, ya sake fenti, ya rataya ƙananan fitilu masu launi, ya sayo lasifika. Da Maguzawa suka zo da dammunansu a kan amalanke, mai tsaron ƙofa ya ce su yi haƙuri, bana babu. Suka juya da dammunansu.

Aka buɗe. Wa zai zo? Da safe ƙarfen lilon ko taɓa shi ba ka iya yi don sanyi. Kafin rana ta yi ɗumi yara sun tafi roron wake da tsintar auduga. Da la'asar ta sunkuya, wace uwa ce za ta bar ɗanta yana keta iska a kan lilo, ya dawo mata da tari da majina? An shafe su da man kaɗanya an sa su gaban murhu. Kuma ba sanyin kaɗai ba ne. Wata ƙawar Innarmu ta faɗa mini a waya: "'Yar nan, da wane ido zan tura jikana ya yi tsalle a inda aka hana Malam shimfiɗa tabarma?" Na kai wa Yaya wannan ma. Ya ce sabon abu ne, mutane za su saba. Haka lasifika ta yi ta kiɗa tana yi wa ɗorawa.

Ni duk lokacin nan hankalina yana kan dawar Baba. Na san an yanke, an ɗaure, tana jibge a gona, kuma gara ba ta jiran kowa. Idan na tambaye shi sai ya ce, "Ana nan ana shiri, uwata."

Wata Asabar na shiga bas daga Funtuwa. Mun kusa gari direba ya rage gudu yana tsaki, ya ce mutanen nan sun mai da titi masussuka. Na leƙa. Dawa ce a baje a gefen kwalta, ga wani tsoho da rawani ya rufe kunnuwa, riƙe da kara yana korar awaki, yana ɗaga wa manyan motoci hannu su bi a hankali. Wata mata a bayana ta ce, "Wayyo, ba Malam mai masussuka ba ne wancan?"

Ban san sanda na buga jikin motar na ce a sauke ni ba. Ban yi wa Baba magana ba, don na san kuka zan yi. Na wuce kai tsaye wurin wasan, na iske Yaya shi kaɗai a kan benci ya naɗe hannu cikin rigar sanyi. Na zare wayar lasifikar na ce, "Tashi ka je bakin titi ka ga Turawanka."

Ya je. Ban san abin da ya gani a fuskar Baba ba, amma ya dawo ba ya iya haɗa ido da ni. Da hannunsa ya kwance wayar shingen. Kafin azahar mun tara matan unguwa, aka kwashe dawar a amalanke aka mai da ita inda ta saba. Washegari Maguzawa suka dawo da tasu. Iyaye suna bugu da shiƙa, yaran da suka biyo su suka ɗare lilo da dawakan ƙarfe, babu mai tambayar tikiti, babu mai maganar sanyi. Ko da Sallah ban taɓa ganin wurin ya cika haka ba.

Yaya ya ɗauko tabarmar Baba da kansa, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa a gindin ɗorawa. Sannan ya zo kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa: "Je ki ce masa an gyara wuri."

Na sami Baba a zaure. Na isar da saƙo, har na ƙara da cewa kowa yana tambayarsa. Ya yi murmushi kaɗan.

"Gaya wa wancan Allah ya yi masa albarka. A yi aiki lafiya."

"Baba, ba za ka zo ba?"

"Uwata, ai an riga an gan ni a bakin titi."

Har aka gama sussukar shekarar tabarmar tana nan a shimfiɗe, ƙaiƙayi yana taruwa a kanta. Da damina ta zagayo Baba ya ba wani ƙanenmu gonar ya ce ƙafafunsa sun gaji. Yaya yana rufe wurin kowace kaka yanzu, ba sai an aike ni ba, kuma shi yake fitar da tabarmar. Baba bai sake zama a kanta ba.