Digiri Uku na Baffa Injiniya

Duk wanda ya san Baffa Injiniya a Rano ya san shi da lasar dutse. Yana cikin tafiya zai tsaya cak, ya tsinci dutse, ya goge a hannun riga, ya lasa, ya ɗaga shi a rana. Wai sai dutse ya jiƙe yake faɗin gaskiyarsa. Ƙanin mahaifina ne, don haka mu muka sha gorin.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, liman ya ja shi gefe cikin azumi, ya ce, "Malam Hudu, lasar nan fa da shubuha." Baffa bai yi musu ba, sai ya koma tara duwatsun a aljihu har magariba. Kowa na buɗa baki da dabino, shi da tsakuwa! Matarsa ta ce, "Malam, kunun zai huce." Ya ce, "Bari dai na sallami baƙin."

Tun muna goye gwamnati ta tura shi wata jami'ar haƙar ma'adinai a ƙasar sanyi. In ka tsokano zancenta, to ka nemi wurin zama. Ya ce asalinta 'yar makaranta ce da mahaƙa suka gina bayan rami ya rufta da 'yan'uwansu, a hankali ta girma ta zama jami'a.

"Digirinsu hawa uku ne," in ji shi. "Na farko a koya maka shiga rami. Na biyu a koya maka fita. Na uku, na dokta, a koya maka fitar da wasu."

"Kai nawa ka yi, Baffa?"

"Na farko. Shi ya sa nake yawona a saman ƙasa."

Ana nan aka ce an ga kuza a bayan duwatsun Rurum. Matasa muka yi ca, har da ni, ga matata da tsohon ciki. Mun yi nisa da haƙa sai ga Baffa a kan acaɓa. Ya dangwali ƙasar, ya lasa, ya tofar.

"Wannan ƙasa ta sha ruwa. Ku fito."

Na ce, "Haba Baffa, yanzu dimokuraɗiyya ake, mun fi ka yawa."

Ya ce, "Ƙasa ba ta zuwa zaɓe."

Washegari da safe a ƙasan ramin muka same shi, zaune kan buzu, da butarsa da carbinsa. Ya ɗago kai ya ce, "Ku haƙa. In za ta rufta, ta fara da ni." Wa zai ɗaga diga a kan ƙanin ubansa? Roƙon duniya ya ƙi motsi, sai da muka rantse mun bar ramin. To fa, fitowa ta gagare shi, gwiwa ta ƙi! Da igiya muka jawo shi kamar guga, yana ta faɗan mu bi a hankali da butarsa. Wallahi na ji haushin tsohon nan.

Ruwan farko na damina ramin ya rufta, ba kowa a ciki. Da na ga wurin ya shafe, sai na nufi wurin Baffa. Na je na durƙusa gabansa. Ya yi murmushi.

"Na samu na uku ke nan."

"Na biyun fa, Baffa?"

"Ai a gabanka na faɗi jarrabawar."

Ɗan da aka haifa mini a daminar, Hudu na sa masa suna.

Ranar jana'izar Baffa ni na shiga kabari na karɓe shi. Na kwantar da shi, na fito, na bar shi a ciki, ba igiyar da zan jefa masa. Nan hawaye ya ƙwace mini.

Ya Allah, bawanka Hudu bai iya fita daga rami ba. Ka yalwata masa wannan, ka haskaka shi, ranar tashi ka fito da shi cikin sauƙi, kamar yadda ya fito da mu. Amin.