Wai Ni Ne Yaron Sale

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau a kasuwar Ajingi, har yanzu raina bai huce ba!

Tun safe nake tsaye a kara, wajen dabbobi, ko akuya ban sayar ba. Ni da na yi furfura a dillanci! Shi kuwa Sale, da ya shigo harkar jiya-jiya, wayarsa sai ƙara take, yana nuna wa mutanen Kano raguna ta bidiyo.

Ya ce, "Baba Idi, don Allah buɗe mini bakin ragon nan, mai saye zai ga haƙora."

Na durƙusa, na kama ƙaho, na wage bakin. Kawai sai murya ta fito daga wayar:

"A'a! Idi, kai ne?"

Alhajina ne fa! Mutumin da duk Sallah ni nake zaɓar masa rago! Bana da na kira shi, cewa ya yi bai shirya ba tukuna.

Kafin in miƙe har sun gama ciniki. Sai na ji Alhaji yana cewa, "Sale, ka yi dacen yaro. Idi ya san rago, ka riƙe shi da kyau."

Yaro! Ni! Wallahi ragon ma sai da ya juyo ya kalle ni.